Kisan Chris Kyle da ciwon da soja ke komowa da shi daga yaƙi

Ran Asabar 2 ga watan Fabrairu na shekarar 2013, da la'asar, wani ma'aikacin gidan saukar baƙi da ake kira Rough Creek, cikin jahar Teksas ta ƙasar Amurka, ya tafi filin koyon harbi don ya ga abin da ya hana baƙin da suka shiga tun da rana fitowa. Ya tarar da mutum biyu kwance cikin jini. Ɗaya shi ne Chris Kyle, mai shekara 38, tsohon soja wanda Amurkawa ke cewa ba a taɓa yin kamarsa ba wajen harbi daga nesa a cikin rundunarsu. Na biyun abokinsa ne, Chad Littlefield, mai shekara 35, wanda bai taɓa yin aikin soja ba, rakiya kawai ya yi. An harbi Kyle sau 6, abokin nasa sau 7, mafi yawa ta baya. Kowannensu da ƙaramar bindigarsa a ƙugu, amma babu wanda ya samu zarafin zare ta.

Su uku ne suka shiga filin. Na ukun, Eddie Ray Routh, ɗan shekara 25, shi ma tsohon soja ne. Ya ɗauki motar Kyle ya tafi gidan ƴar'uwarsa, ya gaya mata abin da ya aikata. Ita ta kira ƴan sanda, su kuwa suka kama shi da dare a garin Lancaster, bayan sun bi shi da mota.

Kashegari jaridun Amurka da gidajen rediyo na duniya suka ɗauki labarin, kusan dukansu da baki ɗaya: tsohon soja mai fama da ciwon firgicin yaƙi ya kashe wanda ya so ya taimake shi. Maganar ta zauna a kunnen jama'a. Amma da aka zo gaban alƙali bayan shekara biyu, sai ta bayyana ba haka al'amarin yake ba. Ciwon nan akwai shi, yana kuma cin mutane dubbai, sai dai ba ta wannan hanya ya saba cin su ba. Abin da ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu zancen ke nan, domin mu ma muna da ƴaƴa a bakin daga, kuma in Allah ya so za su komo gida.

Mutanen biyu

An haifi Kyle a 1974 a Teksas, jahar da faɗinta ya ɗara rabin ƙasarmu kaɗan, ƙasar makiyaya shanu da masu haƙar man fetur, inda yaro ke tashi da bindigar farauta kamar yadda namu ke tashi da hauya. Ya shiga soja a 1999, cikin rundunar kundumbala ta sojan ruwa da ake kira SEAL. Sau 4 ana tura shi Iraki. Ya yi yaƙin Falluja a 2004, da na Ramadi a 2006. Aikinsa shi ne ya hau bisa soro ya laɓe da bindiga mai madubin hangen nesa, ya tsare wa sojan ƙasa hanya. A littafin da ya fitar a 2012, mai suna American Sniper, ya ce hukumar soja ta lissafa masa kisan mutum kimanin 160.

A nan sai mu ɗan dakata. Waɗanda ya harbe mutane ne a cikin ƙasar Iraki, a yaƙin da aka soma a 2003 bisa zargin makaman ƙare dangi waɗanda ba a taɓa gano su ba. Mai karatu yana da damar ƙin kiransa jarumi, ni ma ban kira shi ba. Ba kuma duk abin da ya rubuta ne ake gaskatawa ba, don tsohon gwamnan jahar Minesota, Jesse Ventura, ya kai ƙara a kan wani labari na cikin littafin, aka yi shekaru ana shari'a. Amma ba don auna halinsa muka kawo shi ba.

Ya bar soja a 2009, ya koma wurin matarsa da ƴaƴansa biyu. Shi da kansa ya faɗi yadda zaman gida ya yi masa wuya, ga rashin sukuni, ga yawan shan giya. Abin da ya kwantar masa da rai shi ne hidimar ƴan'uwansa tsofaffin sojoji. Yakan kwashe su, da masu rauni a jiki da masu rauni a zuci, ya kai su daji farauta ko filin harbi, domin ya lura soja ya fi buɗe cikinsa ga soja ɗan'uwansa a kan ya zauna gaban likita mai farar riga.

Routh kuwa ya shiga rundunar da ake kira Marin a 2006. An kai shi Iraki a 2007, inda aikinsa ya kasance gyaran bindigogi da tsaron fursunoni a cikin sansani. A 2010 aka tura shi ƙasar Hayiti aikin agaji bayan girgizar ƙasar da ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane. A shekarar ya bar soja. Iyayensa suka ce wanda ya komo musu ba shi ne wanda ya tafi ba. A 2011 asibitin tsofaffin sojoji na birnin Dalas ya rubuta a takardarsa cewa ciwon firgici ne ke damunsa. Daga nan sai shiga da fita asibiti. A Satumba na 2012 ya yi barazanar kashe kansa da mutanen gidansu, ƴan sanda suka kai shi asibitin masu taɓin hankali. A Janairu na 2013 ya tsare budurwarsa da abokiyar zamanta a ɗaki da wuƙa a hannu, aka sake kwantar da shi. Bayan ƴan kwanaki aka sallame shi, alhali uwarsa tana roƙon a riƙe shi.

Uwar nan tana aiki a makarantar da ƴaƴan Kyle ke karatu. Da ta rasa tudun dafawa, sai ta tare shi ta roƙe shi ya taimaki ɗanta. Ya amsa. Ranar da ya je ɗaukar Routh, ranar ce farkon haɗuwarsu, kuma kwana goma ba su cika ba da fitowar yaron daga asibiti. A cikin mota Kyle ya lura da abin da ya ɗauko. Ya aika wa Littlefield, wanda ke zaune kusa da shi, saƙo ta wayar hannu cewa yaron nan ba shi da hankali. Littlefield ya amsa masa cewa ya kula masa da bayansa. Duk da haka ba su juya ba. Suka isa fili, suka baje bindigogi.

Sunan ciwon

Mu da ke juya takardu daga Faransanci zuwa Hausa mun san wahalar da sunan ciwon nan ke bayarwa. Likitocin Faransa suna ce masa état de stress post-traumatique, Amurkawa kuwa sun taƙaita shi da baƙaƙe huɗu, PTSD. In aka ce hauka an yi ƙarya, don mai ciwon ya san kansa, ya san mutanensa, ya san jiya da yau. In aka ce tsoro an ci mutuncinsa, don sau da yawa waɗanda suka fi daɗewa a gaban wuta ne yake kamawa. Ciwon firgici shi ne abin da ya fi kusa, da shi za mu yi aiki.

Ga yadda yake. Allah ya yi ɗan Adam da wani mai gadi a cikin jikinsa. In haɗari ya taso, mai gadin nan ne ke sa zuciya ta buga da sauri, ido ya buɗe, barci ya gudu, ƙafa ta yi shirin gudu ko hannu ya yi shirin faɗa. A fagen fama wannan shi ke tsirar da rai. Ga yawancin mutane, in haɗarin ya wuce, mai gadin yakan koma ya zauna cikin ƴan kwanaki ko ƴan makonni. Ga wasu kuwa ya ƙi sauka daga aiki. Mutum yana gidansa, cikin iyalinsa, amma jikinsa bai yarda an gama yaƙi ba. Faɗuwar kwano a tsakar gida, ko fashewar tayar mota a kasuwa, ko ƙaurin nama a kan wuta, sun isa su mayar da shi ranar da abokinsa ya faɗi a gefensa, ya ga abin a idonsa kamar yanzu ake yi. Da dare mafarki ɗaya ne ke ta dawowa. Sai ya soma gudun duk abin da zai tuna masa, ya daina shiga taro, ya zauna kullum bayansa jingine da bango yana kallon ƙofa. Dariyar ƴaƴansa ba ta ƙara faranta masa rai, ƙaramin abu ya harzuƙa shi. Wani kuma abin da ke cinsa shi ne tambayar me ya sa shi ya tsira wane ya mutu, ko kuwa tunanin abin da hannunsa ya aikata. Likitoci ba su kiran wannan ciwo sai ya wuce wata guda yana hana mutum zaman lafiya. Ba kuma soja kaɗai yake kamawa ba: wanda ya tsira daga haɗarin mota, da macen da aka yi wa fyaɗe, da ƙauyen da aka kai wa hari, duk suna cikin layi.

An daɗe ana ganin abin kafin a yarda da shi. A yaƙin 1914 zuwa 1918 sojoji suka riƙa fitowa daga ramuka suna karkarwa, wasu sun kurmance, wasu baki ya rufe, alhali babu rauni a jikinsu. Wani likitan Ingila, Charles Myers, ya rubuta a 1915 yana danganta abin da girgizar harsashin igwa. Hafsoshi da yawa kuwa suka ce ragwantaka ce. Ingila ta harbe sojojinta 306 a yaƙin nan bisa laifin gudu ko tsoro da makamantansu, cikinsu har da waɗanda wannan ciwo ne ya kama su, ba a kuma yafe musu ba sai a 2006. A 1943, a tsibirin Sisili, Janar Patton na Amurka ya mari sojoji biyu da ya tarar a asibitin sansani babu rauni a jikinsu, har sai da shugabansa Eisenhower ya sa shi ya nemi gafara.

A nahiyarmu ma an rubuta a kai. Frantz Fanon, wanda ya riƙe wani sashe na asibitin masu taɓin hankali na Bilida a Aljeriya tun 1953, ya keɓe babi guda na littafinsa Les Damnés de la terre, na 1961, ga cututtukan da yaƙin mulkin mallaka ya haifar. Ya duba waɗanda aka azabtar, ya kuma duba masu azabtarwar, har da wani ɗan sandan Faransa da ya wayi gari yana dukan matarsa da ƴaƴansa kamar yadda yake dukan fursunoni.

Sai a 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon cikin kundinta da sunan da aka san shi yau, bayan sojojin da suka komo daga Biyetnam sun yi shekaru suna matsa lamba. Faransa kuwa sai da dokar 10 ga Janairu 1992 ta tsara yadda za a auna raunin zuci na yaƙi a biya shi kamar raunin jiki.

A gaban alƙali

An buɗe shari'ar Routh ran 11 ga Fabrairu 2015 a garin Stephenville. Babu gardama a kan wanda ya yi kisan. Tambaya ɗaya ce: yana cikin hankalinsa ko kuwa?

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne masanan da ɓangarorin biyu suka kawo, duk da saɓaninsu, babu wanda ya tsaya a kan cewa ciwon firgici ne ya sa shi kisa. Likitan da lauyoyin Routh suka kira, Mitchell Dunn, ya ce abin da ke damun yaron shi ne sikizofireniya, wato taɓin hankali mai tsanani wanda ke raba mutum da gaskiyar abin da ke kewaye da shi, ya riƙa jin muryoyi yana gaskata abin da babu. Ya shaida cewa Routh ya yi imani akwai wasu halittu rabi mutum rabi alade da ke neman mamaye duniya, kuma mutanen biyu da suka ɗauko shi za su kashe shi ne in bai riga su ba. Masanan gwamnati suka ce a'a, tabar wiwi da giya ne suka birkita shi, don da safiyar ranar ma ya sha, kuma labarin aladun ƙirƙira ce don ya tsira. Suka ƙara da cewa ba a ga shaidar ya taɓa shiga gwabzawa a Iraki ba.

Dokar Teksas ƙunci gare ta a wannan babi. Samun ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai bai ishe ta ba. Abin da take tambaya shi ne ko a lokacin da ya aikata laifin ya san abin da yake yi ba daidai ba ne. To, Routh ya gudu, ya tsere wa ƴan sanda da mota, kuma da jami'i ya tambaye shi a daren ya amsa cewa ya san ya yi ba daidai ba. Wani mai tsaron gidan kaso ya shaida cewa ya ji shi yana cewa ya harbe su ne don sun ƙi yi masa magana a cikin mota. Ran 24 ga Fabrairu, mutane 12 masu taya alƙali yanke hukunci, mata 10 da maza 2, ba su cika sa'a uku suna shawara ba suka ce yana da laifi. Aka yi masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar sassauci ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2017.

Bisa harafin doka hukuncin ya tsaya. Amma ya kamata a faɗi yanayin da aka yanke shi. A makonnin nan silimar da Clint Eastwood ya yi a kan rayuwar Kyle tana cika gidajen kallo, har ta tara fiye da dalar Amurka miliyan 500 a duniya. Gwamnan jahar, Greg Abbott, ya riga ya ayyana 2 ga Fabrairu ranar tunawa da Kyle, kwana tara kafin a buɗe shari'a. Lauyoyin Routh sun nemi a ɗage zaman ko a kai shi wani gari, alƙali ya ƙi. A ganina, da wuya a samu mutum 12 a wannan yanki, a wannan wata, da za su saurari zancen hauka da kunne biyu.

Ko wane ɓangare ne ke da gaskiya, abu ɗaya ya fito fili. Sunan da aka rubuta wa Routh a 2011 ya bi shi har ya rufe abin da ke ƙarƙashi. Uwarsa da sunan ta je wurin Kyle, shi kuma da sunan ya karɓi yaron, ya yi masa maganin da ya saba yi wa masu firgici.

Wa ciwon ke kashewa?

Ran Juma'a 1 ga Fabrairu 2013, kwana ɗaya tak kafin kisan, ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta fitar da rahoto cewa kimanin tsofaffin sojoji 22 ne ke kashe kansu kowace rana. Daga baya, da aka gyara hanyar ƙidaya, adadin ya sauko wajen 17, wato fiye da mutum 6,000 a shekara, kusan 7 cikin 10 da bindiga. Ba dukansu ne firgici ya kai ga haka ba, kuma mafi yawan waɗanda rahoton farko ya ƙirga sun haura shekara 50. Amma ko an kalli matasan kaɗai lissafin ba shi da daɗi. A 2012 sojojin da ke bakin aiki 349 ne suka kashe kansu, sun fi waɗanda suka mutu a fagen fama a Afganistan a shekarar. Wani bincike na Jami'ar Brown a 2021 ya ƙiyasta cewa cikin waɗanda suka yi aikin soja tun daga 2001, fiye da 30,000 sun mutu da hannunsu, alhali waɗanda yaƙoƙin suka ci ba su wuce 7,000 da kaɗan ba. Tun a 2008 cibiyar bincike ta RAND ta ce kimanin mutum 300,000 cikin waɗanda suka komo daga Iraki da Afganistan, kusan ɗaya cikin biyar, suna fama da firgici ko baƙin ciki mai tsanani. Mutanen Iraki da Afganistan da aka yi yaƙin a kan rufin gidajensu kuwa, nasu lissafin ba ya cikin waɗannan takardu.

Wanda ya fi dacewa a ɗauka misalin wannan ciwo shi ne Clay Hunt. Shi ma ɗan Teksas ne, shi ma sojan Marin, ya yi Iraki inda aka harbe shi a hannu, ya yi Afganistan, sa'an nan ya tafi Hayiti a 2010 aikin agaji da son ransa. Bai ɓoye ciwonsa ba, ya nemi magani, ya riƙa jan hankalin ƴan'uwansa su nema. A Maris na 2011 ya kashe kansa yana da shekara 28. Bai taɓa kowa ba. Dokar hana kisan kai tsakanin tsofaffin sojoji da aka sa wa sunansa, shugaba Obama ya sa mata hannu ran 12 ga Fabrairu 2015, rana ta biyu ta shari'ar Routh. Duniya ta san sunan wanda ya yi kisa a Rough Creek, kaɗan ne suka ji na Hunt.

Kada a ce ciwon ba ya kawo tashin hankali ko kaɗan. Saurin fushi na cikin alamominsa, kuma matan aure da ƴaƴa su ne suka fi sanin haka. Amma binciken da Eric Elbogen da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya nuna cewa mai firgici da ba ya shaye-shaye bai fi sauran tsofaffin sojoji aikata mummunan ta'adi da wani abin kirki ba. Inda haɗarin ke hauhawa shi ne in firgici ya haɗu da giya. Mai ciwon kuwa yakan nemi giya ko ƙwaya ne don ya samu barci.

Illar haɗa sunan ciwon da kisan Kyle a nan take. In jama'a suka ɗauka kowane tsohon soja mai firgici makashi ne da ke jiran ranarsa, mai ɗaukar ma'aikata zai guje shi, mai ba da aure zai guje shi, shi kuma sojan da ke bakin aiki zai haɗiye abin da ke damunsa don kada a karɓe masa bindiga da galan. Alhali ciwon yana jin magani. Akwai hanyoyin jinya ta zance, inda gwani ke zama da mai ciwo sau ɗaya a mako har wajen wata uku, yana bi da shi sannu a hankali cikin abin da ya faru har tunanin ya daina kayar da shi. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa. Da yawa sukan samu sauƙi, wasu su warke sarai. Amma sai an kai kai. A Amurka ma, duk da dukiyarta, a 2014 aka gano asibitin tsofaffin sojoji na birnin Finiks yana ɓoye jerin masu jiran ganin likita, abin da ya sa ministan, Janar Eric Shinseki, ya ajiye aiki ran 30 ga Mayu.

Game da dabarar Kyle, ba za a ce banza ce ba. Kaɗaici na cikin abin da ke kashe mai firgici, kuma zama da wanda ya ga abin da ka gani magani ne babba. Mutane da yawa sun shaida cewa fita daji da shi ya amfane su. Kuskuren shi ne zumunci ya tsaya a matsayin likita. Kyle gwanin bindiga ne, bai koyi bambance firgici da hauka ba, babu kuma wanda ya nuna masa takardun asibitin yaron. Ya ga alama a mota, amma kunya ko alkawarin da ya yi wa uwa ko amincewa da kai, Allah ne masani, suka hana shi juya kan mota.

Nan gida

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manyanmu a Damagaram, da Maraɗi, da Tawa, da Dogon Dutsi suna ba da labarin tsofaffin sojojin Faransa, waɗanda a ofis ake kira anciens combattants, da suka komo daga yaƙin 1939 zuwa 1945, da na Indoshin, da na Aljeriya. Wasu sun komo suka zama masu gari da ƴan kasuwa. Wasu kuwa an san su da ihu cikin dare, ko faɗa ba dalili, ko zama su kaɗai a bakin kasuwa da lambobinsu a ƙirji, yara na tsokana. Aka ce iska ce, aka ce giyar bariki ce. Faransa da ta kwashe su ta daskarar da kuɗin fanshonsu tun daga dokar 1959, ba a daidaita su da na ƴan'uwansu Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Wanda aka hana haƙƙin ƙafar da ya rasa, wa zai tambaye shi barcin da ya rasa?

Ran 6 ga Fabrairu 2015, kwana biyar kafin a buɗe shari'ar Stephenville, Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, yaƙi ya shigo ƙasarmu. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, mun rasa sojoji 71. A Cinagodar, ran 9 ga Janairu 2020, mun rasa 89. Allah ya jiƙansu. A kowane ɗayan waɗannan wurare akwai waɗanda suka tsira, suka ɗauki gawar abokansu da hannunsu, sa'an nan suka koma bakin aiki. Sanarwa takan faɗi adadin waɗanda suka rasu da waɗanda suka ji rauni. Raunin da muke zance a kai ba ya bayyana a ranar, wani lokaci sai bayan watanni, lokacin da mutum ya zo hutu ko ya tuɓe kaki.

Muna da abin da Amurkawa da yawa suka rasa: gida mai yawan jama'a, da masallaci, da fada, da dangin da ba su barin mutum shi kaɗai. Addu'a da rubutu da nasihar malamai suna kwantar da zuciya, babu likitan kirki da zai hana su. Amma muna da namu cikas. Namiji ba ya kuka, soja balle. Kalmar mahaukaci kuwa in ta manne wa mutum, har ƴaƴansa mata sai ta bi su ranar neman aure. Don haka ya kamata hafsoshi, da likitocin soja, da shugabannin gundumomi, da malaman yaƙi da jahilci su riƙa faɗa wa jama'a da Hausa cewa firgici rauni ne kamar na harsashi, a kuma duba soja in ya sauko daga daga, tun kafin a ba shi takardar hutu.

Ga mai gida ko matar aure da ke da irin wannan mutum a ɗaki, bambancin da aka kasa yi a Teksas shi ne abin riƙewa. In barci ne ya ƙaurace masa, yana zabura, yana gudun mutane, yana saurin fushi, amma zancensa daidai yake, to a zauna da shi, kada a tilasta masa ba da labari, a nemi abokan aikinsa na dā su riƙa leƙo shi, a hana shi giya da ƙwaya, a lallashe shi ya ga likita. In kuwa ya soma jin muryoyin da babu mai jin su, ko yana cewa mutanen gida sun haɗa baki za su kashe shi, ko ya ambaci kashe kansa ko da sau ɗaya ne cikin wasa, wannan ya wuce aikin aboki. A raba shi da bindiga da wuƙa tun a ranar, a kai shi asibitin jaha ko sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, a gaya wa likita duk abin da aka gani ba tare da ragi ba, kuma kada a bar shi da mutum ɗaya a hanya.